Wa Za A Fara Dubawa? Yadda Ma'aikatan Jinya Ke Jera Aiki A Ɗakin Marasa Lafiya

A asibitocinmu babu wurin da hankalin dangi ya fi tashi kamar ƙofar ɗakin tiyata. Mata sun shimfiɗa tabarma, maza na kai-komo da carbi a hannu, idon kowa na kan ƙofa. Da zarar an turo gado, likita ya ce an yi aiki lafiya, sai a yi hamdala, a shiga buga waya ana sanar da na gida, waɗanda suka zo daga nesa su kama hanya. A ganin yawancinmu an gama mai wuya. Masu bincike kuwa sun gano cewa daga wannan lokacin ne ake rasa mafi yawan waɗanda ake rasawa.

A shekarar 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta. An bi diddigin manya 11,422 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, cikinsu har da Nijeriya da Nijar. Kashi 18 cikin 100 sun gamu da wata matsala bayan aikin, kashi 2.1 cikin 100 kuma sun rasu. Waɗannan mutane sun fi takwarorinsu na ƙasashe masu arziki ƙuruciya, ba su kuma kai su tarin cututtuka ba, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ya ninka na sauran duniya. Sannan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba. Sun cika ne a kwanakin da suka biyo baya, bayan an mayar da su gadonsu. Shawarar da masu binciken suka bayar ita ce a ƙara sa ido kan majinyacin da jikinsa ya fara rikicewa, a kuma samar da kayan da za a cece shi da su.

To wa ke wurin a waɗannan kwanakin? Likita yakan zo zagaye da safe, wani lokaci ya leƙo da yamma, sauran lokacin yana tiyata ko wurin ganin marasa lafiya na waje. Nas ce ke kwana a ɗakin ta tashi a ɗakin. Na ce "ce" ne don sauƙin magana, amma duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san maza da yawa ne ke riƙe da wannan aiki. Ko mace ko namiji, babban ilmin aikin yana cikin tambaya ɗaya da ake amsawa sau da dama a kowane dare: cikin dukkan abubuwan da ke jirana, wanne ne ba zai iya jira ba?

Mu ɗauki misali. Ƙarfe biyu na dare, ɗakin maza mai gado 30, nas biyu ke aiki, ɗaya ta tafi ɗakin ajiyar jini. Wadda ta rage sai ga abu huɗu sun taso mata a lokaci guda. Wani saurayi da ya karye a cinya a haɗarin babur yana ihu, ciwo ya ishe shi. Wani mai jinya ya biyo ta har tebur, ledar ƙarin ruwan yayansa ta ƙare. Can ƙurya akwai dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, minsharinsa ya canza ya koma kakari tun da 'yarsa ta ɗura masa kunu. A gado na 23 kuma akwai magidancin da aka ɗinke wa hanji jiya bayan taifot ta huda shi. Shi bai kira kowa ba. Yana kwance shiru, goshinsa na naso, abin da kawai ya ce wa matarsa shi ne yana jin ƙishirwa.

Zuciya za ta ja mutum wurin mai ihu, kunya kuma za ta ja shi wurin wanda ya tsaya masa a ka. Nas da ta san aikinta wurin dattijon za ta nufa da gudu, ta juya shi ya kwanta ta gefe, ta zuƙe abin da ya taru a maƙogwaronsa, ta ɗaga kan gadon, ta sa masa iskar oksijin. Daga nan sai gado na 23. Saurayin shi ne na uku, ledar ruwa kuma a wucewa za ta rufe ta, a sa sabuwa daga baya. Dalilin a fili yake: wanda ke iya ihu hanyar iskarsa a buɗe take, huhunsa na aiki, jini na isa ƙwaƙwalwarsa. Wannan ba ya nufin a manta da shi, domin karayar cinya kan zubar da jini mai yawa a ciki ba tare da an gani ba, kuma barin mutum cikin azaba zalunci ne. Amma minti goma ba za su kashe shi ba. Dattijon kuwa, idan iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa na minti huɗu zuwa shida, ɓarnar da za a yi ba ta gyaruwa.

Wannan shi ne jerin da ake koya wa kowane ɗalibin jinya tun a shekarun farko: hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini, sai hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. An jera su ne bisa saurin kisan kowannensu. Tunanin ya girmi asibitocinmu. Fiye da shekara 200 da suka wuce, Dominique Larrey, babban likitan sojojin Napoleon na Faransa, ya kafa ƙa'idar cewa a fagen fama za a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba tare da duba muƙaminsa ba. Ina ganin mu ne muka fi buƙatar a tuna mana wannan ƙa'ida, domin a wurinmu matsin da ke kan nas ba daga cuta kaɗai yake zuwa ba. Akwai ɗan wane, akwai wanda aka bugo waya daga sama a kansa, akwai mai dangi masu baki. Talakan da ya zo daga ƙauye da tsohuwar uwarsa, wadda ba ta san ma wa za ta kira ba, shi ne ake iya mantawa da shi har gari ya waye.

Zan ɗan daɗe a kan kunun dattijon nan, don abu ne da ke faruwa kullum kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. A al'adarmu ciyar da marar lafiya shi ne jinya. Idan ya ci, an samu sauƙi. Idan bai ci ba, hankalin kowa a tashe yake. Saboda haka ake ɗura kunu, da shayi, da ruwan zamzam, da rubutu, a bakin mutumin da ba ya cikin hayyacinsa. Kusan rabin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama sukan samu matsalar haɗiya a kwanakin farko. Abin da aka zuba musu, maimakon ya bi hanyar ciki, sai ya gangara huhu, wani lokaci ko tari ba za su yi ba. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu, a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Don haka ƙa'ida ita ce kada komai ya shiga bakin irin wannan majinyaci, ko da ƙwayar magani ce, sai an gwada haɗiyarsa yana zaune, a farke, da ɗan ruwa a cokali. Idan ya ƙware, ko muryarsa ta jiƙe, sai a koma ciyar da shi ta robar hanci. Haka wanda za a yi wa aiki: awa shida babu abinci, awa biyu babu ko ruwa, domin idan an yi masa allurar barci abin da ke cikinsa na iya dawowa ya shiga huhu. Akan samu uwa ta tausaya wa ɗanta ta ba shi fura a ɓoye da asuba. Tsawa ba ta maganin wannan. Nas da ta zauna ta ce, "Inna, na san tausayi ne, amma wannan kunun ba ciki yake zuwa ba, huhunsa yake shiga, rubutun nan ki shafa masa a fuska da ƙirji har ya farfaɗo," ta fi wadda ta ƙwace kofin ta yi gaba samun haɗin kai.

Sai numfashi, wanda a ganina shi ne awon da aka fi zalunta a asibiti. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan jiki ya fara shiga matsala, ko ta huhu ce, ko zubar jini, ko ƙwayoyin cuta a jini, ko ciwon suga da ya rikice, sau da yawa numfashi ne ke fara sauri, awanni kafin sauran alamu su bayyana. Ba ya buƙatar wuta ko batir. Agogo mai nuna sakan ne kawai da minti ɗaya cikakke. Gwanayen aikin sukan riƙe wuyan hannun majinyaci suna ƙirga bugun jini, idan sun gama ba za su saki hannun ba, sai su mayar da ido kan ƙirjinsa suna ƙirga hawa da saukarsa, domin da zarar mutum ya san ana ƙirga numfashinsa sai ya canza shi. Amma duba takardun awo a ɗakuna da yawa, a nan da ma ƙasashen waje, za ka ga an jera 20, 20, 20 tun safe har dare, ga kowane gado. Ba a ƙirga ba, an cike gurbi ne. Lambar da aka rubuta ba tare da awo ba ta fi gurbin da aka bari fari haɗari, saboda likitan da ya gan ta zai wuce hankalinsa kwance.

Don a rage dogaro da zato, Kwalejin Likitoci ta Landan ta fito da wani ma'auni a 2012, ta sabunta shi a 2017, wanda ake kira NEWS. Abu shida ake aunawa: numfashi, yawan oksijin a jini, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci, a kuma lura ko an sa wa mutum oksijin. Kowanne ana ba shi maki gwargwadon nisansa daga daidai, a tara. Idan jimla ta kai 5, dole likita ya zo da gaggawa; idan ta kai 7, lamarin ya zama na ceton rai. Numfashi kaɗai, idan ya kai 25 a minti, maki 3 yake ci. Amfanin wannan tsari shi ne yana ba ƙaramar nas da ta fara aiki jiya hujjar tada babban likita daga barci, ba tare da ta ji tsoron a ce ta cika zaƙewa ba.

Akwai wani abu game da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa na'urar takan nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa a jini, kuma wannan kuskure ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Sanyin yatsa, da jan farce, da baƙin lalle su ma suna iya rikita ta. Idan na'ura ta ce 94 amma mutum na haki, hancinsa na buɗewa, ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya, to a gaskata mutumin. Haka littattafan da aka rubuta a Turai suke cewa a duba ko fata ta yi fari ko ta yi shuɗi. A jikinmu sai an ja fatar ido ta ƙasa, an duba harshe da cikin leɓe da tafin hannu.

Mu koma gado na 23. Me ya sa shirunsa da ƙishirwarsa suka fi ihun saurayi tada hankali? Jikin babba na ɗauke da jini kusan lita 5. Idan jini na zuba a ciki, ko ruwa na tsiyayewa daga jijiyoyi saboda cuta ta bazu a cikin ciki, jiki ba ya barin awon jini ya faɗi nan take. Yakan yi irin ta magidancin da talauci ya kama, yana sayar da kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya don kada maƙwabta su gane, ranar da aka gane kuwa gidan ya riga ya zama kango. Jiki zai janye jini daga fata, hannu da ƙafa su yi sanyi. Ya janye daga ƙoda, fitsari ya ragu. Zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi. Matashi mai ƙarfi na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awon jini ya nuna komai. Nas da ke jiran awon jini ya faɗi kafin ta kira likita ta makara.

Shi ya sa jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado take da daraja fiye da yadda ake ɗaukarta. Ƙa'idar ita ce rabin mililita ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa, wato mai kilo 60 ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 30 a awa. Idan awa biyu ko uku suka wuce jakar ba ta motsa ba, kuma robar ba ta lanƙwashe ko ta toshe ba, ƙoda na sanar da cewa jini ba ya isa gare ta. Sau da yawa mai jinya, saboda tsafta da son rage wa ma'aikata aiki, sai ya zubar da fitsarin bai faɗa wa kowa ba. Da an gaya masa tun ranar farko cewa a auna kafin a zubar, da ya zama mataimaki.

Babbar barazana ga wanda aka yi wa irin wannan aiki ita ce abin da likitoci ke kira sefsis, wato ƙwayoyin cuta su tunzura jiki har ya shiga lalata sassansa da kansa. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 11 ne suka mutu ta wannan hanya a duniya, kusan ɗaya cikin biyar na dukkan mace-macen shekarar. Ba kullum take zuwa da zazzaɓi ba, wani jikinsa sanyi zai yi. Idan ta yi tsanani ana so allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiya cikin awa ɗaya, tare da ƙarin ruwa. A nan ne halin da muke ciki yake shigowa. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Likita zai rubuta takarda mai abu bakwai, mai jinya ya tafi kantin magani da kuɗin abu uku, mai kanti ya zaɓa masa masu araha, ya dawo da maganin ƙarin jini da na ƙarin kuzari, ya bar allurar da rai ya rataya a kanta. Littattafan jinya da ake karantawa a makarantunmu ba su cika taɓo wannan ba, amma nas ta ƙwarai a ƙasar nan ta san yana cikin aikinta ta ja layi a ƙarƙashin abu biyu ta ce, "Malam, idan kuɗin bai kai ba, waɗannan za ka fara sayowa, kuma yanzu, kada ka jira safiya."

Hayyaci ba ya buƙatar dogon bayani, sai gargaɗi ɗaya. Idan majinyaci ya fara sambatu, ko fizge-fizge, ko ya kasa gane 'ya'yansa alhali jiya ya gane su, kada a ce tsufa ne, kada a ce iska ce, kada kuma a fara da allurar barci. A auna sugansa nan take, a auna oksijin. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, kuma wannan abu ne da ake gyarawa cikin mintuna idan an gano, yake kuma kisa idan an bari.

Gani kaɗai ba ya ceto, sai an faɗa, kuma an faɗa yadda za a ji. Akwai bambanci tsakanin "Dakta, wani majinyaci ba ya jin daɗi" da "Dakta, gado na 23 ne, wanda aka yi wa aikin hanji jiya. Bugun zuciyarsa ya tashi daga 96 zuwa 128 cikin awa biyu, numfashi 28, hannunsa sanyi ƙalau, fitsari bai kai mililita 40 ba tun sha biyun dare. Na ƙara gudun ruwa, na sa oksijin. Ina so ka zo yanzu." Na biyun ba ya barin wurin cewa a bari sai da safe. Haka wajen miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa: a yi shi a bakin gado, a fara da wanda ya fi jin jiki, a kuma kwantar da shi kusa da teburin ma'aikata inda ido zai riƙa kai wa gare shi. Masu tarihin Musulunci sun kawo cewa da aka ji wa Sa'adu bn Mu'azu rauni a yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah (SAW) ya sa an ajiye shi a tantin Rufaida Al-Aslamiyya a cikin masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa.

Gaskiya ta wajabta a faɗi wani abu a nan. Waɗancan masu bincike na Afirka sun sake wani gwaji, wanda aka buga a 2021. A wasu asibitoci an ƙara sa ido kan majinyata masu haɗari: yawaita awo, matso da gadonsu kusa, barin dangi su zauna da su. Da aka kwatanta da sauran asibitocin, mace-mace ba su ragu ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so. Abin da na fahimta daga wannan shi ne ba a ɗora wa nas biyu aikin mutum shida da takarda kawai, kuma idan nas ta gano matsala ta kira, amma babu jini a ajiye, babu oksijin, babu wanda zai buɗe tiyata da dare, ganinta bai amfana komai ba. Binciken Farfesa Linda Aiken a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya fito a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa aiki cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A 2014 ta samu irin wannan sakamako a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Su fa a binciken 2002 suna kwatanta mai riƙe da mutum 4 ne da mai riƙe da 8. Mu kuwa, a farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Duk wanda zai zargi nas da sakaci, ya fara tambayar gado nawa aka bar mata.

Bayan abubuwan da ke kisa cikin mintuna da awanni, akwai masu kisa a hankali, kuma su ne aikin yini da yini. Na farkonsu ciwo. Tambayi Bahaushe, "Baba, ya jiki?" zai ce, "Da sauƙi, 'yata," ko da cikinsa kamar ana yanka shi. Tarbiyya ce da tawakkali, ga dauriya da ake yabon namiji da ita, ga kunya da ke hana mace yin raki a gaban surukai. Saboda haka amsar baki ba ta isa ba. A dubi goshin da ya tattare, da hannun da ya damƙe ƙarfen gado, da yadda yake ɗauke numfashi idan zai motsa. A ce ya yi tari a gani. Wanda aka yi wa aikin ciki, idan ciwo ya hana shi jan numfashi sosai da yin tari, majina za ta taru a ƙasan huhu ta zama ciwon huhu. Idan ya hana shi tashi, jini na iya daskarewa a jijiyar sharaɓa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Don haka maganin ciwo a kwanakin farko bisa agogo ake ba da shi, ba sai an roƙa ba. A koya masa ya rungume matashi a kan ɗinkin idan zai yi tari. A tashe shi zaune, a taka da shi tun washegari idan likita bai hana ba, ko da dangi na ganin rashin tausayi ne. Masu sikila kuma, waɗanda suka san ciwonsu da sunan maganinsu fiye da kowa, a daina yi musu kallon 'yan ƙwaya idan sun faɗi abin da ke yi musu aiki.

Na biyu gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa na danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin, kuma cikin 'yan awanni ɓarna ke farawa. Wuraren su ne ƙasan kwankwaso, da kwatangwalo, da diddige, da allon kafaɗa, da ƙeya. A farar fata wurin ja yake yi. A tamu sai dai ka ga ya ɗan fi kewayensa duhu, ka taɓa ka ji ya fi zafi ko ya yi tauri. Wanda bai ɗaga zane ya duba da ido, ya taɓa da hannu ba, ba zai sani ba sai fata ta fashe. A watannin zafi, ga gumi, ga ledar da ake shimfiɗawa a kan katifa, ga fitsari, abin ya fi sauri. Maganinsa a juya mutum duk bayan awa biyu, a sa matashi a ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya tashi daga katifa, a ja zanen gado ya miƙe, a bar fata a bushe. Gyambon da aka bari ya yi zurfi na iya cin watanni da dukiyar gida kafin ya warke, wani kuma shi ke zama ajalinsa bayan ciwon da ya kawo shi ya lafa.

Ba da magani da ƙarin jini suna da ƙa'idojinsu da kowace nas ta haddace: a tabbatar da mutumin, da maganin, da adadin, da hanyar, da lokacin. A ƙasar da ɗaki ɗaya zai iya ɗaukar Muhammadu Sani uku, lambar folda ce shaida, ba suna ko lambar gado ba. Idan an ɗaura jini, minti 15 na farko a tsaya a kai, kuma leda ɗaya kada ta wuce awa huɗu. Wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayansa kuwa kariya ce ga ɓangarorin biyu. Zazzaɓin Lassa da muke fama da shi duk rani an fara gano shi ne a 1969 a jikin wata nas, Laura Wine, da ke aiki a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. An kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu.

Muna da wani abu da asibitocin Turai ba su da shi: kusan kowane gado akwai ɗan'uwa a gefensa dare da rana. Yawanci kallon cikas ake yi musu, kuma gaskiya ne cincirindon 'yan dubiya na hana aiki da hutun marar lafiya. Amma mai jinya ɗaya da aka ba minti biyar a ranar farko aka ce masa, "Idan ka ga numfashinsa ya yi sauri, ko ya fara sambatu, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya tashi, ko jini ya jiƙa bandeji, ko fitsari ya tsaya, ka zo ka same ni ko ina cikin wani aiki," ya zama ido na biyu. Sharaɗin shi ne idan ya zo a saurare shi. Matar da ta shekara 30 da mutum, idan ta ce, "Sista, wallahi ba haka yake ba ɗazu," maganarta awo ce, a je a duba.

Kirana ga shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya shi ne, kafin a sake yanke zaren buɗe sabon gini, a tabbatar kowane ɗakin kwanciya na da agogon bango mai nuna sakan, da ma'aunin zafi, da na'urar awon jini mai aiki, da ta oksijin, da ta suga tare da tsinkenta, da akwatin magungunan gaggawa da za a buɗe a yi amfani da shi kafin a yi maganar kuɗi. A rubuta a manna a bango cikin minti nawa likita zai iso idan nas ta kira, a kuma ɗauki ma'aikata a biya su abin da zai zaunar da su. Kai kuma mai karatu, ranar da jinyar wani naka ta faɗo maka, kada ka bar asibiti don an ce an fito daga tiyata lafiya. Ka zauna kwanakin farko, ka tambayi nas abin da za ka sa wa ido, kada ka ba shi komai ta baki sai ta ce ka ba shi, kuma idan ka ga canji ka tashi ka faɗa ko ƙarfe nawa ne.